Tayoyin Surukina

Har yau idan na ga keke a jingine jikin bango, ba fentinsa nake dubawa ba, ba sirdinsa ba. Tsugunnawa nake yi in danna gefen tayar da babban yatsa, in ga ko robar za ta buɗe baki. Abokan zamana a kasuwa sun mai da abin na dariya, wai tsufa ya sa na fara gaisawa da kekunan mutane. Ina ƙyale su. Wanda taya ba ta taɓa raba shi da garinsu ba, ai dole ya yi dariya.

A shekarun da nake magana, damina biyu a jere ta yi mana rowa. Gero ya fid da kai kamar abin arziki, ka karyo ka murtsuke a tafin hannu ka hura, ka ga babu abin da ya rage. Dama gonakinmu ba wasu gonaki ba ne. A yankinmu, arewa da Tsanyawa, ƙauye na jingine da ƙauye, gona na jingine da gona, babu dajin da za ka ce bari in sare in ƙara. Abin da mahaifinmu ya bari, da aka raba mana mu biyar, rabona idan na tsaya a wannan iyaka na yi jifa da hoge sai ya faɗa gonar ƙanena. A shekara mai kyau takan kai mu bazara. A waɗannan shekarun ko wata uku ba ta yi. Ga tsada a kasuwa, sabulu da gishiri da kananzir duk sun zama kayan gabas. Maza suka fara naɗe tabarma suna tafiya ci-rani kudu, wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu shiru kake ji.

Ni ban so tafiya ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga mahaifiyata ta tsufa, kuma gaskiya ni mutum ne mai son kwana inda aka binne cibiyarsa. Tsoron tafiyar nake yi, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka aka ce za a raba filayen noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Watari. Wanda ya samu zai yi tumatir da albasa da 'yar alkama, ya kafa bukka a can, duk Juma'a ya leƙo gida. Surukina, mahaifin matata, shi ya sa aka rubuta sunana. Tsohon masinja ne, ya yi shekaru yana kai takardu tsakanin garuruwan nan, ya san mutane. Da sandarsa ya taka har wurin wani tsohon abokin aikinsa ya roƙa mini, abin da bai taɓa yi wa kansa ba. Sharaɗin ɗaya ne. Ranar rabo za a kira suna sau uku, in ba ka amsa da bakinka ba a ba na bayanka, domin masu jira sun fi filayen yawa. Ba a aike, ba a wakili.

Saƙon ranar bai iso mu ba sai Talata da hantsi: gobe Laraba za a fara kira, kafin azahar a tashi. Mota ba ta shigowa garinmu sai ranar kasuwa, ga wahalar mai da ake yi, ko a bakin titi kana iya wuni ba ka ga wadda ta tsaya ba. Keke ne kawai.

Keken ma asalinsa na surukin nawa ne. Da gwiwa ta hana shi hawa, ya ba ni shi ranar sunan ɗana na fari. Ba irin kekunan nan masu nauyi ba ne da ake ɗora wa buhu. Siriri ne, marar nauyi, ka ɗaga shi da hannu ɗaya, kuma a kan hanya mai kyau babu mai kamo shi. Ina ji da shi fiye da yadda ya kamata talaka ya ji da ƙarfe. Sai dai tayoyinsa sun suɗe har zare ya fito, tub ɗin ciki kuwa faci ya fi roba yawa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni jajiberen tafiyar na fafe nawa, don sabuwar taya a lokacin sai dai ka ji labarinta.

Na tura shi wurin mai gyaran keke na garinmu, wanda ke zama a gindin darbejiya kusa da masallaci. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Yana ganina ya ce, "A'a, ga surukin masinja da dokinsa marar kofato."

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Nan take ya bar wasa, ya ja sanda ya zana mini hanyar a ƙasa, kamar ban san ta ba.

"Daga nan zuwa bakin burji, rairayi ne tsakanin gonaki, ga tsidau ya bushe ya zube. Daga nan burji zuwa Tsanyawa. Sai kwalta har Bici. Ka bar Bici ka sake faɗawa burji mai tsakuwa har bakin ruwa. Hanyarka iri huɗu ce, ƙafarka biyu. Duk tayar da ka ɗauka akwai inda za ta zage ka. Abin da za mu duba shi ne wadda zaginta ba zai kwantar da kai a hanya ba."

Ya sauko da tayoyin da ke rataye a reshe, duk na hannu ne, babu sabuwa. Ya ɗaga wata siririya mai sulɓi. "Wannan a kwalta ba ka jin ta. Amma a rairayi yanka take yi ta nutse, tsidau kuwa ko hararar ta ya yi sai ta sace." Ya ɗaga wata mai kauri mai manyan haƙora. "Wannan jaki ce, ba ta sauri, ba ta yada mai ita. Sai dai ba za ta zauna a siririn wilin nan naka ba." Sannan ya laluba ƙarƙashin bencinsa ya jawo wasu guda biyu da ya ɓoye, tsaka-tsaki, masu ɗan faɗi da ƙananan haƙora, an ɗan ci su amma robar da ranta. Ya lanƙwasa ɗaya a gabana, ta koma yadda take ba ko tsaga.

"Waɗannan su ne naka. Zan yanko bayan wata matacciyar taya in shimfiɗa a ciki, tsakanin taya da tub, ƙaya in ta huda ta farko ta gaji kafin ta kai ga iska. Za ka ji nauyi a kwalta, cinyarka za ta gaya maka. Amma in ka fita bayan asuba, wallahi da hantsi kana bakin ruwa."

A kan bencin akwai wani malamin makaranta daga ƙauyen gaba, mai keke irin nawa, wanda ya daɗe yana nacin waɗannan tayoyin. Taubashina ya ba shi haƙuri, ya ce na wannan mutumin maganar abinci ce. Amma malamin bai tashi ba.

An cire tsofaffin, an fara yankan shimfiɗar, sai na hango surukina tafe. Daga gidansa yake, da sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun ya rungume wani zagayayyen ƙunshi na takardar buhun siminti da aka ɗaure da kaba. Na miƙe na cire takalmi na tsugunna. Aka shimfiɗa masa tabarma. Sai da ya huta, ya gaisa da kowa, sannan ya fara kwance kabar a hankali.

Tayoyi ne guda biyu, sababbi ful, sirara masu sulɓi, baƙinsu har ƙyalli yake yi.

"Shekarar da na bar aiki na saye su," in ji shi. "Suna saman azara a ɗakina tun lokacin. Na ce ba za su taka ƙasa ba sai ranar da ta isa. To Malam, yau ta isa."

Malam yake ce mini, ko da yake ban da izu biyu babu abin da na sani. Haka yake girmama ni.

Shekarar da ya bar aiki matata ba ta fara ɗaura zane ba. Ɗakin nasa kuwa rufin kwano ne, duk zafin bazarar shekarun nan a kansu ya ƙare. Taubashina ya karɓi ɗaya da hannu biyu, ya yaba, sannan ya juya kamar zai duba wili, ya sauke ta bayan gwiwarsa inda ni kaɗai nake gani, ya danna gefenta da babban yatsa. Robar ta buɗe ƙananan tsagu jere, irin fason dunduniya. Ya saki suka rufe. Ya sake dannawa a wani wurin, haka. Ya dube ni. Ya ce ƙasa-ƙasa, bakinsa ko motsi ba ya yi, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na kau da kai. Da ya ga haka sai ya gwada da kansa.

"Baba, ai waɗannan na ajiya ne. A bar su sai wata tafiyar da take kwalta zalla. Hanyar gobe akwai yashi da ƙaya."

Tsohon ya yi murmushi. Idonsa ya riga ya yi rauni, ko da an nuna masa tsagun ba lalle ya gani ba. "Kai yaro, ni za ka gaya wa hanyar Bici? Da irinsu na yi ta bin ta tun ba a haife ka ba. Waɗancan da kake shirin sa masa ai wani ya ci ya rage." Sannan ya juyo gare ni. "Ko kai ma ba ka so, Malam?"

Wanda bai tashi a wurinmu ba zai ce mene ne abin wuya a nan. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In muka haɗu a hanya sauka nake daga keke tun daga nesa. Kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakanina da shi ba, ban ma san ta inda ake fara ta ba. Ga mutane a zaune, ga tsoho ya tako da ƙafarsa ɗauke da abin da ya fi daraja a ɗakinsa, kuma shi ne ya samo mini filin da ake maganar. In buɗe baki in ce masa ajiyarka ta mutu a inda ka ajiye ta?

Kuma tunda na ɗauki alƙalami, bari in faɗi sauran. Tayoyin sun burge ni. Ban taɓa hawa sabuwar taya ba. Wata zuciyar ta ce mini sabo ai sabo ne, taubashinka dai ya cika iyayi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ina so, Baba. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma."

Kafin in rufe baki malamin makarantar nan ya miƙa hannu ya ɗauki tsaka-tsakin nan biyu ya rataya a kafaɗa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Surukina ya gyara zama, bai tashi ba sai da ya ga an sa nasa an ba su iska, ya shafa su da tafin hannu, sannan ya yi sallama.

Da ya yi nisa taubashina ya jefar da ƙarfen da ke hannunsa. "Kai dai an yi sakarai. Shimfiɗar ma ba za ta shiga cikinsu ba, babu wuri." Ya haɗa mini faci da sholisho da wasu dogayen robobi da ya yanka daga tsohon tub. "Ji nan. Kada ka cika musu iska, ko da wasa. Ka lallaɓa su kamar mai jego. In rana ta yi zafi ka sauka ka tura a inuwa. Sauran kuma sai addu'a."

La'asar ta riga ta yi, ba ni da fitila, don haka na bar tafiyar sai asuba kamar yadda aka tsara. Da na shiga gida matata ta ga tayoyin ta riƙe baki. "Kai! Ƙunshin Baba ne? Tun ina yarinya nake ganinsa a saman ɗaki, ko taɓawa ba ya bari mu yi." Murna ta cika ta har da 'yar ƙwalla. Na buɗe baki zan gaya mata abin da na gani a gindin darbejiya, na mayar na rufe.

Ana sallame sallar asuba na fita. Hanyar ta ƙofar gidan surukina take bi, na tarar da shi zaune a kan dakali yana jira. Na sauka, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce in je Allah ya riga ya ba ni.

A wurinmu hanyar cikin gonaki ba hanya ba ce, abin da manoma suka rage ne. Kowa in ya zo huɗa sai ya ɗan gutsiri gefenta, na wancan ɓangaren ma haka, har ta koma faɗin ƙafar jaki, tsakiyarta rairayi, gefenta tsidau. In na bi tsakiya tayar ta nutse, kan keke ya riƙa karkacewa. In na hau gefe in ji ƙaya na ƙas-ƙas a ƙarƙashina. Turawa na yi fiye da hawa. Gari bai gama wayewa ba ta gaba ta sace. Na kifa keken na yi faci cikin sauri. Ban wuce ƙauye biyu ba ta baya ta yi nata. Wajen ɓamɓare ta daga wili na ji gefenta na ƙara kamar busasshen ganye, na yi kamar ban ji ba.

Lokacin da na yi niyyar in kasance a Bici, a lokacin na shigo Tsanyawa. Rana ta ɗaga, mata har sun fito da ƙosai sun kusa gama sayarwa. Na tsaya a bakin kwalta ina haki, na dubi inuwata na ga yadda ta gajarce. A nan na yi wautar da take tawa ce ni kaɗai, babu hannun suruki a ciki. Na ciro famfo na ba tayoyin nan iska har suka yi tauri kamar dutse, don na san a kwalta mai tauri ta fi gudu. Maganar taubashina tana kunnena sarai. Na ce ai ɗan lokaci ne, in na rama abin da yashi ya ci sai in rage.

Kuma sun yi gudu, wannan ba zan hana su ba. Ban taɓa jin keken nan haka ba. Kaca na waƙa, iska na cika mini riga, gonaki na wucewa da karansu marasa kai. Har na fara lissafin inda zan sa albasa da inda zan sa tumatir. Na ce a raina ashe tsoho ya fi mu sani. Wannan ɗan tsakanin shi ne farin ciki na ƙarshe da na yi a kan keke.

Ina hango rufin gidajen Bici ta baya ta fashe. Ƙarar sai da ta tada tsuntsaye daga kan wata kuka. Keken ya watsar da ni a gefen titi, gwiwata da gwiwar hannuna suka sale. Ban ko dubi jinin ba, tayar na duba. Gefenta ya yage fiye da taƙi ɗaya, tub ya leƙo a kece, irin kecewar da faci ba ya kamawa. Sauri ya haifi nawa.

Na tura shi cikin gari, na bi masu gyara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya dubi siririn wilin ya girgiza kai, ya ce irin wannan sai Kano. Wani dattijo a cikinsu ya tausaya mini, ya cusa wa tayar tsummoki da busasshiyar ciyawa, muka naɗe yagewar da robobin da taubashina ya ba ni. Ya danna ta gaban da yatsa ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da gawa?" Na ce ba saye na yi ba.

Haka na kama burjin Watari, duk juyi ɗaya ɗaurin nan ya buga ƙasa ya buga mini ƙashin baya. Na rage wa ta gaba iska, amma aikin gama ya gama. Tsakuwa ta ƙarasa ta ba da jimawa ba, ita ko ƙara ba ta yi ba, ta dai buɗe ta huce. Na sauka na riƙe kan keken na fara gudu da shi. Na yi tunanin in yar da shi a gefen hanya, na kasa, don na suruki ne. Takalmina ya tsinke na cire na riƙe. Babu motar da ta wuce ni sai wata a-kori-kura cike da mutane, na ɗaga hannu, ko rage gudu ba ta yi ba. Ina cikin gudun na ji kiran sallar azahar daga wani ƙauye.

Duk da haka na ƙarasa. Ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka a rani ba, yana bin magudana a hankali, ƙasar gefensa baƙa, mai laushi. A gindin wata bishiya ana naɗe tabarmi, wasu mutum biyu na ɗauke tebur. Na je wurin wanda ke riƙe da takardu na faɗi sunana da garinmu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga jini, ya ga keke.

"Kai ne? Bawan Allah, ina ka tsaya? An kira ka sau uku. Har na huɗu aka ƙara, don darajar tsohon da ya kawo sunanka."

Na roƙe shi. Na durƙusa, ni da ban iya roƙo ba. Ya ce babu abin da ya rage, ya nuna mini da haɓa can inda wani mutum yake kafa turke a kusurwar wani fili. Na so in ji haushin mutumin nan, na kasa. Rigarsa ta fi tawa yagewa. Aka ce da ƙafa ya zo tun jiya, a gindin bishiyar ya kwana. Na zauna a bakin magudanar na wanke gwiwata, na yi alwala, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Sai washegari da la'asar na shiga garinmu, ina tura keke a kan tsumma. Na zaga ta bayan gari don kada in bi ta ƙofar surukina, na ajiye shi a gindin darbejiya. Taubashina ya dubi tayoyin, ya dube ni. Ranar ce kaɗai a rayuwarmu bai tsokane ni ba. Na ce ya cire su ya jefa inda ba mai gani, kuma kada maganar ta fita. Ya ce to.

Da safe tsohon ya zo har ƙofar gidana. Na fito na tsugunna.

"Malam, an dace?"

"Ba a dace ba, Baba. Mutane sun yi yawa. Ba rabona ba ne."

Ya ɗan tona ƙasa da sandarsa. Sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Tayoyin dai ba su ba ka kunya ba ko?"

"Lafiya lau suka kai ni, Baba."

"To madalla," in ji shi.

Kafin wata ya ƙare na naɗe tabarmata na bi sahun masu ci-rani. Na ce damina na faɗuwa zan dawo. Na dawo ɗin, na shuka, ta sake cin amanarmu, na koma. A tafiya ta uku mahaifiyata ta rasu, sai bayan kwana tara labari ya same ni. Daga baya na bar wa ƙanena gonar, na kwashe iyalina muka kama ɗaki ɗaya a birni. Dako na yi, na yi gadi, yanzu ina zaune a bakin rumfar wani ina kasa tumatir. Wani lokaci in an sauke kwanduna nakan tambayi direba daga ina, ya ce Watari. 'Ya'yana ba su san iyakar gonar kakansu ba, kuma ba su damu su sani ba.

Duk sallah nakan je gaida surukina. In cire takalmi in tsugunna, ya tambayi aiki, in ce alhamdulillahi. Wajen shekara goma sha biyu muna haka. Bai sake ambaton keke ba, ni ma ban ambata ba, har na saki jiki cewa asirina ya rufu, tsoho zai tafi da farin cikin kyautarsa. Da wannan nake rarrashin kaina: na rasa fili, amma ban kunyata shi ba.

Da ya rasu na je jana'iza na dawo bakin aiki, matata ta zauna sai bayan sadakar bakwai. Ranar da ta dawo ta shigo da wani zagayayyen ƙunshi na takardar buhun siminti, ɗaure da kaba. Ta ajiye a gabana ta zauna a bakin gado.

"A saman azara yake. Baba yana kwance ciwon ajali ya sa aka sauko da shi, ya ce in kawo maka da hannuna."

Na kwance. Su ne. Ta bayan har da robobin da muka naɗa mata a Bici, da sauran tsumma a ciki.

"Wai mutumin da ya rubuta sunanka ne ya aiko masa da yadda ka isa, tun a makon," in ji ta. "Sai Baba ya je gindin darbejiya ya ce sai an ba shi su. Bai gaya wa kowa ba, ko Inna." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya ce in ce maka ka yafe masa. Ya ce ya so ya faɗa maka da bakinsa, nauyinka yake ji."

Na ɗauki ta gaban na danna gefenta da babban yatsa. Robar ta ɓare ta zube mini a cinya.